Gidan Sadakin Khala Kurshida

Tsamiya ce ta fara haɗa Innayatu da maƙwabciyarta. A lokacin Innayatu ba ta fi wata biyu da zuwa Madina ba, a ƙarshen shekarun 1970, kuma ban da mijinta babu wanda take iya buɗe baki ta yi wa magana. Gidan da suke haya a Ƙuba tsoho ne, na baƙin dutse, bayansa gonar dabino. Ita da mijinta Malam Barau suna sama. Shi ya ajiye aikin magatakarda ne a kotun alƙali a Azare ya zo karatu Jami'ar Musulunci, kullum da sassafe yake bin bas, sai la'asar ya dawo. A ƙasa kuwa wata dattijuwa ce Ba'indiya mai suna Kurshida, wadda mijinta ya yi shekaru yana ɗinki a unguwar Sultana kafin Allah ya yi masa rasuwa aka kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Ran nan Innayatu ta jiƙa tsamiya za ta dama kunu, ta sauko tsakar gida ɗiban ruwa da kwanon a hannunta. Dattijuwar ta leƙa kwanon, ta tsoma yatsa ta lasa, ta lumshe ido. Sai ta ja hannun Innayatu har ɗakinta ta buɗe wani gwangwani. Ga tsamiya nan curi guda, baƙa wuluk, an cire ƙwallayen an cuɗe ta da gishiri.

Daga ranar suka saba. Larabcin Innayatu bai wuce na sayen burodi ba, na dattijuwar ma duk shekarun da ta yi a karye yake, amma da guntun wannan da guntun wancan da nuni da hannu sai hira ta yi tsawo. Innayatu tana ce mata Khala, yadda mutanen Madina ke kiran 'yar'uwar uwa. Ita kuma tana ce mata beti, wato 'yata.

A irin wannan hirar Innayatu ta ji labarin gidan. Yana wani ƙaramin gari kusa da Haidarabad, ɗaki uku da rijiya, da wata ƙatuwar tsamiya a tsakar gida wadda inuwarta ke kaiwa har gidan maƙwabta. Sadakinta ne, mijinta ya ba ta shi ranar aurensu. Da za su taho Madina suka bar wa ƙanen mijin amana, ya zauna ya kula da shi. Ba a yi shekara huɗu ba ya fasa katangar gaba ya yi kanti, ya tsaya a ƙofar masallaci ya shaida wa jama'a cewa gida nasa ne. Alhazan garinsu suka kawo labari. Mijin Khala ya ji, ya sunkuyar da kai kan kekensa na ɗinki, ya ce ba zai bar maƙwabtakar Manzon Allah ya je yana shari'a da ɗan'uwansa ciki ɗaya ba. Haka ya yi ta ɗagawa har ya rasu.

Yanzu gidan shi ne kaɗai abin da ya rage mata. Iƙamarta, wato takardar izinin zama, a hannun mai shagon da mijinta ya yi wa aiki take, kuma mutumin ya faɗa mata cikin ladabi cewa ba zai iya ci gaba da sabunta mata ita har abada ba. 'Yarta ɗaya tana aure a Bombay, a gidan surukai mai cike da mutane.

"A wurinmu, beti, uwa ba ta ko shan ruwa a gidan surukin 'yarta," in ji Khala. "Idan na bar Madina, ƙarƙashin tsamiyata zan koma. Zan kafa gado a nan, in sa yara su riƙa kaɗo mini."

Shekara ta zagayo Innayatu na da tsohon ciki, na fari. A Azare da tuni an zo an tafi da ita gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a ɗakin uwarta, a yi mata wankan jego safe da yamma har ta yi arba'in. A nan kuwa babu uwa, babu gwaggo. Tun tana yarinya take jin labarin matan da ba su sami ruwan zafi ba, sanyi ya shige su, jiki ya kumbura, wasu ba su tashi ba. Ba ta faɗa wa Malam tsoronta ba, don ba maganar da ake yi da miji ba ce. Ta dai sa ya kira mata Hajo, wata tsohuwar Bahaushiya da ta girma a Madina, tana zaune a Al-Khalidiyya, tana sayar da gyaɗa da tasbaha a bakin Harami.

Hajo ta hau matakala tana nishi tana dafa gwiwa, ta zube kan tabarma, ta ƙare wa cikin kallo.

"La ilaha! 'Yar Azare, wannan ciki ne ko tulu kika haɗiye? Yaushe ne watan?"

Innayatu ta rufe fuska da mayafi ta ce, "Bayan Sallah babba, Gwaggo."

"Mushkila. Kin zaɓi lokaci, wallahi. Lokacin da alhazai ke zubowa Madina, ko tsohuwar da ba ta gani tana bakin Harami da farantinta. Abincin shekara a nan muke samu. Kuma dubi gwiwar nan, ni da ɗaukar garwar ruwan zafi ai khalas, an rabu. Zan zo ranar suna in ci nama, wannan kam na iya."

Khala tana zaune a gefe tana tsince shinkafa. Ba ta jin Hausa, amma ta ga fuskar Innayatu. Ta tambaya, Hajo ta bayyana mata da Larabci, tana kwatanta yadda ake tsoma ganye a tafasasshen ruwa ana fyaɗa wa mai jego.

"Ni zan yi," in ji Khala.

Hajo ta ƙyalƙyale da dariya har da tafa hannu. "Ba'indiya da wankan jego! Yalla, mu ga ikon Allah. Ki dai kula kada ki dafa mana yarinya da barkono da kori, mijinta na so."

Ranar Innayatu ta ci abinci ta ƙoshi, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

Bayan an sauko daga Arfa alhazai suka cika Madina don ziyara. Wata ranar Talata da hantsi wani dattijo mai farin gemu da baƙar hula ya yi sallama a ƙofar Khala. Sunansa Mazhar, tsohon lauya ne daga garinsu. Ya zauna a tsakar gida, ita tana bayan labule, suka daɗe suna magana da yarensu. Innayatu tana jiyo su daga sama. Muryar mutumin tana tashi tana sauka, yana maimaita magana ɗaya, yana buga sandarsa a ƙasa.

Da ya tafi Khala ta hau sama ta zauna, ba ta ko taɓa shayin da aka zuba mata ba. Ta ce lauyan ya ce akwai wata tsohuwar doka a ƙasarsu, tun zamanin Turawa. Idan mutum ya zauna a gidan wani a fili yana cewa nasa ne, mai gidan bai kai ƙara ba har shekara goma sha biyu, to ƙofar kotu ta rufe, gida ya zama na wanda ke ciki. Ya lissafa tun daga ranar da ƙanen mijinta ya yi shela a ƙofar masallaci, ya ce wa'adin zai cika kafin damina mai zuwa ta sauka a can. Ya ce ta haɗa kayanta ta bi su, shi da matarsa, jirgin ruwansu zai tashi daga Jidda mako mai zuwa. Ya ce in ba za ta je ba ta ba wani wakilci, amma ita ta ce wanda ta fara amince wa ai shi ne ya cinye gidan, ba za ta ƙara sa hannu a takardar da ba ta iya karantawa ba.

"Ki tambayar mini Shehu," in ji ta. Haka take kiran Malam Barau. "Shi ya yi aikin kotu, kuma yana karatun littafin Allah. Lauyoyi sun iya tsorata mutum."

Innayatu ta dafa cikinta. Mako mai zuwa! Ita kuwa ko yau ko gobe take.

Da la'asar ta jira Malam ya ci abinci ya wanke hannu, sannan ta faɗa masa kanta a sunkuye. Malam ya gyara zama, fuskarsa ta washe. Tun da ya zo Madina shi ɗalibi ne a cikin ɗalibai, babu wanda ya taɓa tambayarsa abin da ya shafi kotu.

"Ai dokar ƙasarsu ba baƙuwarmu ba ce," in ji shi. "Dokar laifuffukan da muke aiki da ita a Arewa asalinta daga Indiya Turawa suka ɗauko ta, ta biyo ta Sudan ta iso mana. Na yi shekaru ina rubutu da ita. Sata, zamba, cin amana, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa miki inda kowanne yake. Amma gida da gona da sadaki na Musulmi, wannan ba a kai shi can, littattafanmu alƙali ke buɗewa. Su ma haka zai kasance, tun da tsarin ɗaya ne."

Ya tashi da kansa ya tsaya a kan matakala, ya yi sallama, ya yi wa Khala bayani da Larabci a hankali yadda za ta gane.

"Abin da lauyan nan yake nufi mu hauzi muke ce masa, Hajiya. Gaskiya ne akwai shi. Amma sai in mai abu yana gari, yana gani da idonsa, ya yi shiru. Wanda yake nesa hauzi ba ya cin haƙƙinsa, balle wadda ke bayan teku, balle kuma tsakanin surukai. Gidanki yana nan. Ko baɗi kika je, ko baɗin baɗaɗa, naki ne."

"Alhamdu lillahi," in ji Khala daga bayan labule. "Allah ya ƙara ilimi, ya Shehu."

Innayatu tana tsaye a bayansa. Wata magana ta zo mata har bakinta. Lauyan yana nan a masaukin alhazai kusa da Harami, bas ɗaya ne daga Ƙuba. A ajin Malam ma akwai ɗalibai 'yan Indiya, ya sha ba ta labarin yawan yajin da suke ci. Me zai hana ya je ya tambaya, ko a can ma alƙali ne ke duba maganar gida? Ta buɗe baki. Sai abin da ke cikinta ya motsa, ta tuna garwar ruwa da ba mai ɗauka. Ta ce wa kanta ba ta yi karatu ba, wace ce ita da za ta gyara wa Malam magana. Ta kwashe kwanuka ta shiga wanke-wanke.

Lauya Mazhar ya sake dawowa ana gobe za su tafi. Wannan karon bai daɗe ba. Innayatu ta hango shi ta taga yana fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya girgiza kai, sannan ya bi layin dabino yana dogara sandarsa.

Kwana biyu bayan haka Innayatu ta haifi mace a asibiti. Aka sa mata suna Safiyyatu, sunan mahaifiyar Malam, amma Innayatu ba ta kiran sunan saboda 'yar fari ce, sai dai ta ce "yarinyar nan".

Khala ta riƙe alkawari. Ta sayo babbar tukunya a Sultana, ta roƙi mai gonar dabino busassun rassa, ta kafa murhu a lungun tsakar gida. Da Hajo ta ce ganyen darbejiya ake so, ta kwatanta mata shi, Khala ta yi dariya ta ce ai wannan itacen ƙasarsu ne, nim suke ce masa. Ta yi ta yawo a Ƙuba har ta gano guda ɗaya a bakin wata gona. Safe da yamma take tafasa ruwa, ta juye a bokiti, ta ɗaure zanenta a ƙugu, ta tsoma ganye ta fyaɗa. Innayatu ta yi ƙara, ita kuma ta ba ta haƙuri da yarensu ta ce, "Sabar, beti, sabar," ta ƙara fyaɗawa. Khala ta koyi dama kunun kanwa, ko da yake har aka gama ba ta yarda ta ɗanɗana ba. Tururi ya ƙona mata damtse, wurin ya tashi ya bar tabo.

Ranar suna Hajo ta zo, ta taɓa wuyan Innayatu da ƙafafunta, ta jinjina kai.

"Tubarkalla. Ke Ba'indiya, wallahi kin fi wasu 'yan Kano iyawa. In kin gama da wannan akwai wata a Khalidiyya, mu raba ladan."

Aka yi arba'in, Innayatu ta yi ƙiba ta yi haske. Maganar tafiya kuwa ta kwanta. Jiragen alhazai sun tafi, mace ba ta tafiya ita kaɗai, kuma tun da Shehu ya ce babu gaggawa, Khala ta ce za ta bi alhazan baɗi. Safiyyatu ta fara zama a cinyarta, ta fara rarrafe a ɗakinta. Wani lokaci Innayatu kan tuna da damina ta can ƙasar da ba ta taɓa gani ba, ta ce ko ta sauka? Sai ta kawar da tunanin ta kama wani aiki.

Wata rana ana tsananin zafi, dabino ya fara nuna, Malam ya dawo tun kafin azahar. Bai taɓa abinci ba. Ya zauna bakin gado ya cire hula ya riƙe ta a hannu.

"Malam, lafiya?"

Ya ce suna hira ne da wani ɗan ajinsu Ba'indiye, shi da bakinsa ya ɗauko labarin gidan, yana ba da shi a matsayin misalin hauzi. Ɗalibin ya dube shi ya ce a ƙasarsu babu kotun alƙali irin tamu. Aure da gado ana duba addinin mutum, amma wa'adin kai ƙara kan gida doka ɗaya ce ga kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Kuma ba ruwanta da ko mai gida yana gari ko yana bayan teku.

"Damina fa?" in ji Innayatu.

"Ya ce ta fi wata da sauka."

Ya mayar da hularsa ya sauka. Innayatu ta bi shi ta tsaya a tsakiyar matakala. Ta ji yana magana a bakin labule, Larabcin nan nasa mai kyau yana sarƙewa. Ya ce ya yi fatawa a kan abin da bai sani ba, ya auna ƙasarta da mudun ƙasarsa, ta yafe masa don Allah. Daga cikin ɗakin aka ji ƙarar cokali a kofi, Khala tana ba Safiyyatu ruwa.

"Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya Shehu," in ji ta.

Alhazan shekarar suka tabbatar da labarin. Lauya Mazhar ya aiko da gaisuwa, ya ce a gaya wa Khala babu sauran abin yi. Sun kuma ce ƙanen mijin ya sare rabin tsamiyar don ya ƙara ɗaki. A watan ne mai shagon Sultana ya aiko ɗansa ya ce iƙama ta ƙare, ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Ranar tafiya Innayatu ta sauko tun da safe tana taya Khala ɗaure kaya. Akwati ɗaya ne da ƙunshin bargo da jarkar zamzam. Bombay za ta, gidan surukan 'yarta, inda aka ce za a shimfiɗa mata tabarma a lungun da ke kusa da kicin. Innayatu tana ninke zane hawaye na ɗiga a kai.

"Khala," in ji ta, "ranar nan da lauya ya zo, ni na so in ce wa Malam..."

Khala ta karɓe zanen daga hannunta ta sake ninke shi yadda take so.

"Mazhar tun yana yaro na san shi, beti. Bai taɓa yin ƙarya ba, ko a wasa." Ta danna zanen cikin akwati. "Ni ma na so a ce Shehu ne mai gaskiya. Kina tsammani ke kaɗai ce?"

Innayatu ta dubi tabon ƙunar da ke damtsen Khala, ta sunkuyar da kai.

Motar alhazai ta yi ƙaho a bakin layi. Khala ta ɗauki Safiyyatu ta shinshini kanta, ta faɗa mata wasu kalmomi da yarensu, sannan ta ajiye ta. Ta ɗauko gwangwanin tsamiyar nan ta buɗe. Abin da ya rage bai fi cikin tafin hannu ba, daga itacen gidanta alhazai suka taɓa kawo mata. Ta gutsiri kaɗan ta ƙulle a bakin mayafinta, ta miƙa wa Innayatu sauran.

"Tukunyar kuma ki ajiye," in ji ta. "Za a sake buƙata. Ki sa Hajo ta nemo miki mai ƙarfin hannu tun da wuri."

Malam ya ɗauki akwatin ya yi gaba. Khala ta bi bayansa, ba ta waiwayo ba. Safiyyatu ta rarrafa har bakin ƙofa tana miƙa hannu tana kuka. Innayatu, wadda ba ta taɓa rarrashin 'yar farinta a gaban mutane ba, ta sunkuya ta ɗauke ta a gaban duk maƙwabtan da suka fito, ta tsaya da ita a kafaɗa da gwangwanin a ɗaya hannun, har motar ta sha kwanar masallacin Ƙuba.